Amsar Kawu Kan Ganyen Sabara Da Ɓerayen Gwaji

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, na kuma ji daɗinsa ƙwarai. Kin ce aikinki na kammala jami'a a kan ganyen sabara ne, kuna gwada shi a jikin ɓeraye ku ga ko yana saɓar da kumburi. Sai kika tambaye ni dalilin da ya sa Inna, Allah Ya ji ƙanta, ba ta yarda a shanya ganyen magani a rana, da dalilin da ya sa wani ganyen a sha, wani kuma gashi kawai ake yi da shi. Ilimi ne ko camfi?

Ina ɗan shekara goma na gurɗe ƙafa a hanyar gona, idon sawu ya kumbura suntum. Inna ta aiki yayata bayan gari ta karyo sabara. Ta zauna ta tsince ganyen da ya ƙosa, mai fari-farin nan kamar an barbaɗa masa toka, ta zuba a ruwan zafi, tana tsamowa da tsumma tana danna mini safe da yamma. Ko kurɓi ɗaya ba ta ba ni na sha ba. Tun daren farko kuma ta ce wa Baba, in jibi ta yi ban taka ƙafar ba, sai wurin mai ɗori, domin ganye ba ya haɗa ƙashi. Ni a wurina wannan iyakar da ta yanka ita ma cikin maganin take.

Gwajin da kuke yi na san shi tun ina aiki a ɗakin magani. A 1962 wasu masu bincike a Amurka suka fito da shi. A ɗura wa ɓera ruwan ganyen, bayan kamar awa guda a yi masa allurar karajinan, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, a tafin ƙafa. Sai a riƙa auna kumburin awa bayan awa, a kwatanta da na ɓeran da aka ba asfirin ko indometasin, magungunan kumburi na asibiti. A jami'o'inmu sau da yawa farin ƙwai ake amfani da shi a madadin karajinan. Hanya ce mai kyau, ina girmama ta.

Sai dai ki lura, abin da kuke ba ɓera ba shi Inna ta ba ni ba. Ku kuna daka ganyen, ku jiƙa a metanol, sinadarin da ke tsotso maganin da ke cikin ganyen, ku ƙafar da shi ya koma ɗanko, ku auna miligiram kaza ga kowane kilo na nauyin ɓera. Ita ruwan zafi ne da tsumma, a kan fata. Kumburin ɓeranku na 'yan awoyi ne, ciwon gwiwar tsohuwa kuwa na shekaru ne.

Yadda aka sarrafa ganye ba ƙaramin abu ba ne. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sha wahala da tazargade wajen neman maganin zazzaɓin cizon sauro, har ta karanta a wani tsohon littafinsu cewa jiƙa shi ake yi a matse. Nan ta gane zafi ne ke lalata shi, ta sauya hanya a 1971, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Batun inuwa kuwa, shanya zogale a rana, ki shanya wani a ɗaki, ki duba launi, ki sansana. Rana na kwashe ƙamshin ganye, ta koɗar da shi, kuma wani sashe na amfaninsa tare da su yake tafiya.

Ban ce duk al'ada daidai take ba. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Man darbejiya ya galabaitar da jarirai a Indiya da Malesiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu shi ne mai talla ya ji an ce "an gwada a jami'a", sai ya cika jarkoki yana sayarwa ba awo, mutane na ɗirka har ƙoda ta gaza.

Saboda haka in kin zo hutu ki tafi wurin Gwaggonki da littafi da biro, ita ta gaji hannun Inna. Tambaye ta wane ganye, tsoho ko ɗanye, damina ko rani, tafasawa ko jiƙo, wa ake hana wa, kwana nawa ake dainawa. Ki kuma roƙi malaminki ya bar ki ki ƙara rukuni ɗaya na ɓeraye da za a ba ruwan dafaffen ganye yadda ake yi a gida, ki ga yadda zai tsaya kusa da na metanol. In sakamakon ya fito ki turo mini, ina jira.

Ki gaishe mini da mahaifiyarki. Allah Ya yi miki albarka.