Yaya Kilcoo ta sha kashi bayan ta ci 10 Errigal Ciarán kuma 8?

Ɗan'uwa ka tambaya ya aka yi ƙungiyar ƙwallon Gaelic ta Errigal Ciarán ta doke Kilcoo a fainal ɗin lardin Ulster na 2024 alhali sakamako ya nuna 1-8 da 0-10. To lissafin ƙwallon Gaelic ta Ayalan daban yake da wanda muka saba. Lambar farko gol ce, wato ƙwallo ta shiga raga, maki 3 kenan, ta biyun kuma idan ta bi ta saman sandar tsakiya ce, maki 1 a dokar 2024. Kaga Errigal na da 11 Kilcoo na da 10, maki ɗaya tal ya raba su a filin Armagh.

Kuma wallahi abin da ciwo, don 'yan wasan nan ba a biyansu ko sisi, dokar GAA kenan, hukumar wasannin Gaelic da aka kafa a 1884, mutum ƙungiyar unguwarsu yake bugawa, manomi ne ko malamin makaranta, sai ya tashi aiki da yamma ya tafi tirenin cikin ruwa da sanyi. Kilcoo ɗan ƙaramin ƙauye ne a gundumar Down, sai sun cinye kofin gundumarsu tukuna su samu shiga na lardi, kuma a farkon 2022 su ne zakarun ƙungiyoyin Ayalan gaba ɗaya a Croke Park. Ni dai na tausaya musu sosai, a ƙarshen 2022 ɗin ma ƙungiyar Glen ta doke su a wannan fainal ɗin na lardin Ulster.