Zauren Masu Karatu: Baba ya ce ba mu san wahala ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 34, na kammala digiri a 2015, na yi hidimar ƙasa, kuma har yau ban samu aikin gwamnati ba. Da safe ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, da yamma kuma ina zama a rumfar POS a bakin titi. Ina zaune a ɗakin soron gidanmu, ban yi aure ba. Mahaifina tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma duk lokacin da na koka da tsadar rayuwa sai ya ce shi a shekaruna yana da mata da 'ya'ya huɗu da babur, mu kuwa son jiki ya yi mana yawa, ba mu da aiki sai latsa waya. Makon jiya mun yi sa-in-sa a gaban ƙannena har na tashi na bar tuwona. Shin mu ne ragwaye, ko zamani ne ya canza? Kuma ta yaya zan fahimtar da shi ba tare da na saɓa masa ba? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin a je ga batun zamani, ka koma ka ba Baba haƙuri a kan tashin da ka yi, domin ko da gaskiya tana wajenka, gaban ƙannenka ba wurin ja-in-ja da mahaifi ba ne, kuma muddin wannan abu yana ransa, babu hujjar da za ka kawo ta shiga kunnensa.

Game da tambayarka kuwa, lissafi yana bayanka. A 1981, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, doka ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 125, a lokacin da naira ta fi dalar Amurka daraja, wato kusan dala 200 ke nan a wata. A watan Yulin 2024 aka mayar da shi naira 70,000, a daidai lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,500, wato bai kai dala 50 ba, kuma kai da kanka shaida ne cewa makarantun kuɗi da yawa ko wannan ba sa biya. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000, sai kuɗin mota da na mudun masara da na haya suka bi ta a guje. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mutumin da ke aiki biyu a yini ɗaya cikin wannan hali ba rago ba ne.

Akwai kuma abin da naira ba ta aunawa, shi ne lokaci. Sa'anninka, waɗanda aka haifa tsakanin farkon shekarun 1980 da tsakiyar 1990, an tashe su a kan alkawarin cewa wanda ya yi karatu ya gama da talauci. Yajin aikin malaman jami'a na 2013 ya cinye muku sama da wata biyar, ƙannenku kuma suka rasa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Da kuka fito da takardun, sai kuka tarar an rufe ƙofar da iyayenku suka shiga. A zamanin ƙuruciyar Baba, masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano suna ɗaukar mutum da shaidar firamare ko ta sakandare, ya samu albashi duk ƙarshen wata, ya kama ɗaki, ya yi aure kafin ya cika shekara ashirin da biyar. Abin da yake tunawa ke nan idan ya ce maka shi ya yi, kuma gaskiya ne ya yi, sai dai da wani mudun daban aka auna masa.

Amma kada ka ɗauka shi a kan tabarmar jin daɗi ya girma. Tsararsa sun ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sun ga farin 1973 da ya ƙarar da dabbobi da amfanin gona, sun tsaya a dogon layi a 1984 domin samun madara da sabulu da shinkafa, sannan shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 ya narkar da darajar albashinsu suna ji suna gani. Daga baya masaƙun da suka ba su rufin asiri suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, aka sallami dubban magidanta, wasu suka yi shekaru suna jiran haƙƙinsu. Wani abin ban dariya ma, dattawan da ke cewa yaran yanzu sun cika ƙorafi, a cikinsu akwai ɗaliban da suka fantsama tituna a 1978 saboda an ƙara musu kuɗin abinci da na ɗakin kwana a jami'a, kuma na tabbata a lokacin nasu iyayen sun ce yaran zamani ba su da haƙuri.

Ni abin da nake ji a cikin maganar Baba tsoro ne ya fi yawa. Mutumin da ya ga an garƙame ƙofar wurin da ya ba ƙuruciyarsa, ya kuma biya maka kuɗin makaranta da abin da ya rage masa, yana duban soro kullum ya gan ka a ciki, kuma abokansa a majalisa suna tambayarsa yaushe za a sha biki. Dattijon Bahaushe ba zai ce maka yana jin tsoron ya mutu bai ga ka tsaya da ƙafarka ba, sai dai ya ce ka cika latsa waya. Wayar nan kuwa, shi a idonsa abin wasa ce, bai san a cikinta kake duba kuɗin da ya shigo da wanda ya maƙale a banki ba. Duk da haka ka yi wa kanka adalci, ka duba nawa data take ci maka a wata, kuma nawa ne a ciki na sana'a, nawa ne na kallon ƙwallo da hira. Idan akwai cacar intanet a ciki, wadda ta zama ruwan dare a tsakanin matasa, to a nan Baba ya fi ka gaskiya.

Shawarata ita ce ka daina gardamar wa ya fi shan wahala, domin ba ta da alƙali. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha, ka zo da takarda, ka rubuta abin da makaranta take ba ka da abin da rumfa take kawowa, sannan ka jera kuɗin mota da na abinci da abin da kake bayarwa na cefane a gida. Ka ce masa: "Baba, ga abin da ke shigowa, ga abin da ke fita, ina kake ganin zan rage?" Mahaifin da aka mayar da shi mai ba da shawara yakan sauko, kuma wanda ya riƙe gida da albashin masaƙa ya san lissafi fiye da yadda kake zato. Maganar aure ma a hannunsu take, tunda su ne iyayen da ke zama a yanke sadaki a tsayar da yawan akwatunan lefe. Ka roƙe shi, idan ka samu yarinya, shi ya je ya nema maka sassauci a wajen iyayenta. Idan ka ga zaman ku biyu zai yi zafi, ka bi ta hannun baffanka ko wani amininsa da yake jin maganarsa.

Tambaya: 'Yata mai shekara 30 tana aiki, tana da yara biyu, kullum maganarta ita ce damuwa ta yi mata yawa, ba ta iya barci. Ni na haifi takwas, na yi daka, na yi surfe, na ɗebo ruwa a rijiya, ban taɓa cewa ina da damuwa ba. Wannan ba rashin godiya ba ne? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri, wahalar da kika sha babu mai musunta. Sai dai ki tuna da wa kika yi dakan. A babban gida akwai surukuwa da faccaloli da 'yan mata, idan kin kwanta ciwo wata ta ɗora tukunya, wata ta goya yaro, kuma a bakin turmi ake amayar da abin da ke rai ba tare da an sa masa suna ba. 'Yarki tana gidan haya ita kaɗai da yara, ta tashi tun asuba ta shirya su, ta hau adaidaita sahu sau biyu ko uku kafin ta kai wurin aiki, ta dawo ta tarar babu wuta babu ruwa, ga kuɗin makaranta duk zango, ga mai gidan haya duk shekara. Rashin barcin da ya wuce mako biyu, musamman idan ya haɗu da rashin cin abinci ko yawan kuka, ciwo ne da likitoci suke dubawa, kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen da ke kula da irinsa. Ki raka ta da kanki idan da hali, domin kunya tana hana mata da yawa zuwa su kaɗai. Kafin nan, ki aika a ɗauko miki jikokin ranar Juma'a da yamma, su kwana biyu a wajenki, ta samu ta yi barci.