Amsoshin Tambayoyinku: Keke, Doki da Ƙarfin da Ake Zubarwa a Hanya

Wani dattijo ya rubuto cewa kullum a ƙasa yake zuwa wurin aikinsa, tafiyar kilomita 6, kuma yana son ya sayi keke, amma yana fargabar kada tuƙin ya fi tafiyar ƙasa gajiyar da shi, tunda ƙarfi ya fara ja baya.

Baba, ka kwantar da hankalinka, wannan shawara ce mai kyau. A shekarar 1973 mujallar Scientific American ta buga bayanin wani masani, S. S. Wilson, wanda ya kwatanta ƙarfin da dabbobi da injuna suke ƙonawa wajen ɗaukar nauyinsu tsawon kilomita ɗaya. Mai tafiya a ƙasa yana ƙona kimanin kalori (ma'aunin ƙarfin da jiki yake ƙonawa) 0.75 a kan kowane giram na nauyinsa, doki da kifin salmon duk sun fi shi tattalin ƙarfi, amma da zarar ya hau keke sai adadin ya sauko zuwa kimanin 0.15, ya bar dabbobin duka a baya. Wato ƙarfin da zai kai ka kilomita ɗaya a ƙasa zai kai ka wajen biyar a kan keke. Dalili kuwa shi ne, duk takun da ka yi sai jikinka ya ɗago ya sauka, ƙafa ta tsaya ta sake tashi, ga nauyinka duka a kan gwiwa; a keke kuwa sirdi ne yake ɗauke da kai, taya tana ta gangarawa ko da ka daina taka feda. Sai dai ka ɗaga sirdin yadda ƙafarka za ta kusan miƙewa idan feda ta kai ƙasa, kuma idan kana fama da ciwon zuciya, ka ga likita tukuna.

Wani kuma yana tambaya ko ya sayar da dokinsa ya sayi keke, tunda an ce keke ya fi doki. Ka fara duba hanyar da kake bi, malam. Wancan lissafi na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne. A rairayi ko laka kai za ka ɗauki keken, ba shi zai ɗauke ka ba. Abin da keke ya fi doki a ko'ina ɗaya ne, ba ya cin abinci ranar da ba a hau shi ba.

Sai wani matashi da ya tara kuɗi zai sayi keke mai tsada marar nauyi, wai don ya riƙa gudu ba gajiya. A nan zan daɗe, domin wannan almubazzaranci yana ci mini tuwo a ƙwarya. A hanyar da ba hawa, rage kilo biyu daga nauyin keke ba ya sauya wani abin kirki, saboda babban abokin gabar mai gudu iska ce: idan ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da za ka keta ta da shi kuma sau takwas. Babu kuɗin da zai saya maka mafita daga wannan. Abin takaici kuma, masu zuba kuɗi a kan fenti da sunan kamfani su ne za ka gani da taya a lotse da sarƙa ta yi ja don tsatsa, tana ƙiiƙii kamar tsohuwar ƙofa. Sarƙa mai tsabta da aka sa wa mai tana isar da sama da kashi 95 cikin 100 na ƙarfin ƙafarka zuwa taya, busasshiya kuwa tana satar ƙarfin a kowane juyi, haka ma tayar da ba ta cika da iska ba.

Jabun kaya sun fi haka muni. Na taɓa sayen taya mai ɗauke da tambarin wani sanannen kamfani a farashin da ya kamata ya sa ni shakka, kafin wata biyu gefenta ya tsattsage, zaren ciki ya leƙo. Kafin ka biya kuɗi, ka ɗaga keken ka juya tayar gaba, ka ga ko tana daɗewa tana juyi ba tare da karkata ko gogar birki ba, ka lanƙwasa gefen tayar da yatsa ka duba tsaga, sannan ka matse birki ka tura keken da ƙarfi. Ragowar kuɗin ka sayi famfon iska da man sarƙa da fitila.