Yadda za ka rarrabe lufin ɗin daji kafin ka ɗebi irinsa

Ɗana, ka ce a gangaren nan na jihar Kalifoniya a Amurka duk lufin ɗin (tsiron nan mai fure, dangin wake) da ke fitowa ya mutu cikin shekara guda shuɗi kake ganinsu, kana tambaya yaya za ka san wanda kake ɗiba. Ka daina fara duba launi. Launi shi ne ya fi yaudarar mai tara iri, don farin tabon da ke kan babban ganyen furen nan na sama, wanda muke ce wa tuta, yakan rikiɗe ya koma ja-ja bayan ƙudan zuma ya gama da furen. Tsiro guda sai ya nuna maka kala biyu.

Fara da ƙasar da kake takawa. In laka ce mai nauyi, a bakin hanya ko inda ruwa ya kwanta, ka ga tsiro mai kauri da zai iya kai mita 1, matsa karansa. In ka ji shi da ruwa-ruwa, cikinsa rami, kusan babu gashi, Lupinus succulentus ke nan. In kuwa dajin da gobara ta cinye ne a kudancin jihar, furen ja mai haske, to janye hannunka. Lupinus hirsutissimus ne, gashinsa tsaye yake, yana harbi. Na gindin duwatsun Siyera Nebada, Lupinus stiversii, ba ya wahalar da kowa: tuta rawaya, fukafukai, wato ganyayen furen biyu na gefe, ruwan hoda, a cikin tsakuwa da rairayi.

Lupinus microcarpus kuma sai ka durƙusa. Ganyayensa biyu na farko manne suke da juna, sun zagaye gindin kara kamar faifai, kuma sukan daɗe a wurin. Kwansonsa gajere ne, ƙwaya 2 kawai a ciki. Furensa fari ne a wani wuri, rawaya ko shunayya a wani, ka ga abin da nake faɗa maka game da launi.

Inda aikin yake shi ne tsakanin Lupinus bicolor da Lupinus nanus, domin sukan fito a fili ɗaya cikin ciyawa, kafaɗa da kafaɗa. A nan ido kaɗai ba ya isa, sai da rula da gilashin ƙara girma. Furen bicolor ƙarami ne, milimita 4 zuwa 10, zangarniyarsa gajera, sau da yawa da ƙyar take ɗara ganye. Na nanus yakan kai milimita 15, furannin sun jeru hawa-hawa a zagaye da kara, akwai tazara tsakaninsu, ga ƙamshi. Amma ƙaramin nanus da babban bicolor sukan yi kunnen doki a girma. To sai ka ciro fure ɗaya, ka baje tutar a kan farcenka. In tsawonta ya fi faɗinta, bicolor ne. In faɗin ya kai tsawon ko ya fi shi, nanus ne. Ɗan sillen da ke riƙe da furen ma ya fi tsawo a nanus. Kada ka yanke hukunci da fure guda, duba na tsirrai da dama.

Duk wannan a watan Maris da Afrilu ake yin sa, lokacin da fure ke kai. Ranar da kwanso ya nuna, furen ya riga ya zube, ba ka da sauran shaida. Saboda haka ka kafa tsinke da alama tun yanzu, ka rubuta suna da wuri. Ka ɗebi kwanso da ya fara yin ƙasa-ƙasa, ka zuba a jakar takarda ka rufe, don in ya bushe fashewa yake yi ya watsar da ƙwaya. Leda tana sa shi ruɓewa. Wanda ka yi shakka a kansa, ware masa jakarsa daban, kada ya shiga cikin na sayarwa.

Kuma kada ka kai ƙwayar baki don ka ji an ce ɗan'uwan turmus ne da ake ci a Sudan da Masar. Wancan nomawa ake yi, a jiƙa shi kwanaki har ɗacin ya fita. Na dajin nan yana da guba, har tumaki yake kashewa in sun ci kwanson da yawa.