Wayarki ce take ba shi labari: tambayoyinku kan masu bibiyar mutane ta intanet

Tambaya: Malam, ni bazawara ce a Nima, a birnin Accra na Ghana. Wata bakwai ke nan da rabuwarmu da tsohon mijina, amma duk inda na sa ƙafa ya sani. Ranar da na je biki unguwar Madina, kafin in dawo ya turo saƙo yana tambayar me na je yi. Na toshe lambarsa, sai ya riƙa kira da sababbi. Yanzu ya ce in ban koma ba zai watsa hotunana na lokacin da muke tare. Asiri ne ko waya ce? Kuma hukuma za ta saurare ni?

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Kafin a je wurin malaman tsibbu, mu fara duba wayar, don galibi ƙofar da ɓarawon yake shiga mai gida ce ta buɗe masa da hannunta tun ana zaman daɗi. Wa ya saya miki wayar? Wa ya buɗe miki asusun Google? Mata da yawa a zangonninmu miji ne ya je kasuwar wayoyi ta Sakul ya sayo, ya sa yaron shago ya buɗe imel, ya riƙe kalmar sirrin. Mai wannan kalma yana iya ganin inda wayar take daga tasa wayar, ba sai ya san komai a kwamfuta ba.

Ki shiga WhatsApp, ki duba sashen na'urorin da aka haɗa da asusunki. In kin ga wata kwamfuta ko waya da ba ki sani ba, da ita ake karanta hirarki. Ki duba Google Maps ko an kunna raba wurin da kike da wani, haka ma taswirar Snapchat in kina amfani da shi. Manhajar leƙen asiri kuwa takan ɓuya da suna mai kama da na kamfani, ta nemi izinin sarrafa wayar gaba ɗaya. Play Protect, tsaron Google da ke cikin wayoyin Android, yana kama wasu daga ciki.

Amma kada ki yi saurin gogewa. Nan ne mutanenmu suke yi wa kansu asara: haushi ya sa a share saƙonni, a fasa layi, sannan a je ofishin 'yan sanda hannu rabbana. Ki fara ɗaukar hoton allon kowane saƙo yadda lamba da kwanan wata za su fito, ki ɗauki hoton na'urar da aka haɗa, ki tura duka ga wata 'yar'uwa da kika amince da ita. Baƙuwar lamba kuma, ki sa ta a MoMo, wato tsarin tura kuɗi ta waya, kamar za ki tura kuɗi, sunan mai rajistar yakan bayyana kafin ki tabbatar. Ki rubuta shi, ki fasa turawar. Bayan haka ne za ki canja kalmomin sirri ta wata wayar daban, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ki sani fa, ranar da ya ga an rufe masa ƙofa yana iya harzuƙa, don haka kada ki yi wannan kina kwana ke kaɗai.

Batun hukuma kuwa, za ta saurare ki. Dokar hana cin zarafi a cikin iyali ta 2007, mai lamba 732, ta shafi tsohon miji ma, kuma ta lissafa bin mutum, da raɓewa kusa da gidansa ko wurin aikinsa, da yawan kira ko saƙon da ba ya so, a cikin cin zarafi. Hukuncin tara ce da za ta iya kai sidi 6,000, ko ɗauri har shekara 2, ko duka biyun. A ganina abin da ya fi miki amfani a dokar shi ne umarnin kariya: kotu ta hana shi kusantarki ko tuntuɓarki, in ya karya ya zama sabon laifi. Sashen 'yan sanda na DOVVSU, mai kula da cin zarafi a cikin iyali, shi ne ke karɓar irin wannan ƙara.

Maganar hotunan ta fi nauyi. Dokar tsaron intanet ta 2020, mai lamba 1038, ta sa ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ga wanda ya yaɗa hoton tsiraicin wani ba da yardarsa ba, kuma barazanar yaɗawar ma laifi ce ko da bai tura wa kowa ba. In ya yi amfani da hoton don tilasta wa mace kwanciya da shi, shekara 10 zuwa 25 ne. Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa tana karɓar rahoto ta lamba 292, kira ko saƙo. Na san za a ce ki kai wa liman ko Sarkin Zango a sasanta, kuma ban raina wannan ba. Sai dai ki je sulhun da shaidarki a ajiye.

Tambaya: Ni saurayi ne a Sabon Zango. Budurwata ta ce mu rabu, na yi ta ba ta haƙuri ta saƙo, wani lokaci da wayar abokaina. Ban zage ta ba ko sau ɗaya. Yanzu 'yan sanda sun gayyace ni. Ban haƙuri ma laifi ne?

Amsa: Ƙanina, zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Doka ba zagi kawai take dubawa ba, tana duba naci bayan an ce maka a'a, kuma masu neman aure suna cikin waɗanda dokar 2007 ta rufe. Aron wayar abokai shi zai fi cutar da kai, don yana nuna ka san ta toshe ka, ka zagayo ta baya.

Abin da lauya kan kafa hujja da shi ba ya wuce 'yan abubuwa: cewa ba kai ka turo ba, an shiga asusunka ne ko wani ya yi amfani da layinka, cewa sau ɗaya ne ko biyu, ba a kai a kai ba, cewa ita ma tana amsawa tana jan hirar, ko akwai dalili na halal, kamar bin bashi ko maganar ɗa tsakanin iyayen da suka rabu. Mai gabatar da ƙara ne kuma zai tabbatar da laifin, ba kai za ka wanke kanka ba. “Ina son ta ne” kam ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Ka amsa gayyatar, ka tafi da lauya, in babu hali ka nemi Hukumar Tallafin Shari'a. Tsarin mulkin 1992 ya ba ka damar ganin lauya, kuma in an tsare ka dole a kai ka kotu cikin awa 48 ko a sake ka. Kada ka goge komai a wayarka, wataƙila amsoshinta ne za su cece ka. Kuma daga yau ko sallama kada ka aika mata, ko ta bakin ƙanwarka.

Tambaya: 'Yata mai shekara 14 tana hira da wani babba a TikTok, yana neman hotunanta. In karɓe wayar in zage shi?

Amsa: Baba, kada ka tanka masa, zai gane an farga ya rufe asusun ya ɓace. Ka ɗauki hoton sunan asusun da hirar, ka kira 292, sannan ka je DOVVSU. Farautar yaro ta intanet don lalata ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ne a dokar 2020. In ta riga ta tura wani hoto, kada ka tura shi ga kowa, ko dangi, don yaɗa shi laifi ne mai zaman kansa. Ka miƙa wayar yadda take. Yarinyar kuma a lallashe ta, kada a dake ta, in ba haka ba gobe da wayar ƙawarta za ta ci gaba ba ka sani ba.