Ƙanena na ƙera ƙananan motoci, in zuba masa kuɗin adashina?

Tambayar wannan makon ta fito daga wani ɗan kasuwa mai shagon kayan rubutu da na makaranta a kusa da kasuwar Wunti, cikin garin Bauchi. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Ina da ƙane ɗan shekara 22. Tun yana yaro yake ƙera motocin kara da na langa-langa. Yanzu abin ya girma, yana yin tirela da tankar mai da Keke Napep da 'yan ƙananan gidaje da kwali da katako da gwangwani, kai ka ce na gaske ne aka matse. Yana sa hotunan a Facebook da TikTok, dubban mutane na yabawa, har ya shiga zaurukan Turawa masu irin wannan sha'awa. Ya taɓa sayar da tirela ɗaya naira 15,000 bayan ya yi mako biyu a kanta. Yanzu na ɗauki adashi, naira miliyan ɗaya da rabi. Yana so in ba shi ya yo odar irin kayan roba na harhaɗawa da ke zuwa cikin kwali daga waje, mu riƙa sayarwa a shagona. Ina son taimakonsa, amma ina jin tsoron kuɗina. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Da yawa daga yayye da sun ce wa yaron ya bar wasan yara ya nemi sana'a, kai kuwa har kana tunanin sa masa jari. Amsata a gajarce ita ce kada ka yo odar nan. Amma kada ka saki yaron, domin akwai abin sayarwa a gidanku, kuma a hannunsa yake.

Bari mu fara da kwalayen da ya kwallafa rai a kansu. A can inda abin ya kafu, sha'awa ce mai dogon tarihi. Kamfanin Airfix na Ingila ya fara yin irin waɗannan kaya ne da ƙaramar taraktar Ferguson a 1949, kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan shi ya yaɗa ma'aunin 1:35 (wato girman ta gaske an raba shi gida 35) na motocin yaƙi, kuma tun 1963 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta IPMS a Ingila, wadda yanzu take da rassa a ƙasashe da dama. Mutum zai sayi kwali, ya yanko gutsattsarin roba, ya manna, ya yi fenti, ya ajiye a kanta yana kallo. Mai sayen irin wannan kaya mutum ne mai rarar kuɗi da rarar lokaci, wanda galibi ya taso ya ga mahaifinsa yana yi. Yanzu ka zauna a bakin shagonka ka ƙirga mutum nawa ne daga masu wucewa za su fitar da dubban nairori su sayi jirgin sama da sai sun haɗa da kansu, sannan su sake sayen gam na musamman da fenti na musamman, tun da kwalin yawanci ba ya zuwa da su. Iyaye za su ɗauka abin wasan yara ne, su taya maka kuɗin abin wasa. Yaro ya karya shi kafin la'asar.

Ga kuma canji. Ka tuna a watan Yunin 2023 da aka saki naira, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,000 da nisa. Duk hajar da ake sarowa da dala ana sayarwa da naira, dole ta zama mai gudu, ta fita kafin canji ya juya. Littafin rubutu da biro suna gudu, kai ka fi ni sani. Waɗannan kwalaye kwantai za su yi, ƙurar hunturu ta rufe su, kuɗin adashinka na kwance a kanta alhali kana ci gaba da zubi duk wata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To, batun dubban masu yabo fa? Ina girmama zaurukan nan ƙwarai, kuma ina so ya ci gaba da zama a cikinsu. Makaranta ce ta kyauta. A Facebook da YouTube da Reddit akwai dattawan da suka yi shekara arba'in suna wannan aiki, za su nuna masa yadda ake sa fenti ya yi kama da tsatsa, yadda ake ɓoye wurin manni, yadda ake yin gilashin mota da robar gorar ruwa. Kuma suna matuƙar girmama wanda ya ƙera abu daga tushe da kayan da ya tsinta, domin da yawansu haɗa wanda kamfani ya zubo a kwali kawai suka iya. Sai dai su ma maƙera ne irinsa. Maƙeri ba ya sayen fartanya a wajen maƙeri. Na gida kuma da ke rubuta "Masha Allah, gwamnati ta taimaka masa", addu'arsu muna so, amma ka tambaye shi mutum nawa ne a cikinsu ya taɓa cewa "nawa ne, turo lambar asusu". Wannan adadin shi ne kasuwarsa ta yau. Ina kyautata zaton bai kai yatsun hannu ba.

Abin da zai ɗaga shi daga mai abin sha'awa zuwa mai sana'a abu ɗaya ne, ma'auni. A nan nake so ka tsaya da ni.

Ƙanenka da ido yake aiki, kamar yadda duk muka yi motar kara muna yara. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to idon mai saye ma ya san kima. Mai tirela da ya yi shekara ashirin yana kallon motarsa, da ya ɗaga ta ƙanenka zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba: taya ta yi girma, ko kan motar ya yi tsawo. Masu wannan fasaha sun magance haka da lissafi mai sauƙi. In aka ce 1:32, ana nufin duk abin da ke jikin ta gaske an raba shi gida 32. Tirela mai tsawon mita 16 za ta dawo santimita 50, tayarta da ta kai kusan mita ɗaya a tsaye za ta dawo santimita uku da 'yan kai. Babu wani sashe da za a yi wa alfarma. Motar gida mai mita 4.8 a ma'aunin 1:24 santimita 20 ce cif. A gine-gine an fi amfani da 1:50 da 1:100 da 1:200, don haka ƙofa mai mita 2.1 a 1:50 santimita 4.2 ce. Ya ɗauki tef ɗin awo ya tafi inda manyan motoci ke kwana, ya gaida direba, ya nemi izini, ya auna ta gaske, ya rubuta a littafi. Kwana biyu za su ishe shi ya tara awon motoci huɗu ko biyar. Wannan littafin zai fi masa amfani fiye da duk kwalin da zai shigo da shi.

Kuma ma'auni na shiga farashi kai tsaye. Gidan da aka yi a 1:100, in mai shi ya ce a yi masa a 1:50, tsawonsa ne ya ninka sau biyu, amma kwali da fenti da gilashin da zai ci sun ninka sau huɗu, domin faɗi ma ya ninka. Sannan duk abin da ido ba ya gani a ƙarami, kamar mariƙin ƙofa da ƙarfen taga, yanzu sai an yi shi. Mai sana'a da bai san wannan ba zai ce "ninka kuɗin kawai", ya yi aikin banza.

Su wa za su saya? Masu motocin haya da na dakon mai, na farko. Mutum na son motarsa da launinta da lambarta da rubutun da ke bayanta, a cikin akwatin gilashi a kan teburin ofis. Rassan NARTO, ƙungiyar masu motocin sufuri, da NURTW, ƙungiyar direbobi, na ba da kyauta in shugaba ya sauka ko an yi babban baƙo. A Bauchi ma akwai wani abu da ba kowane gari ke da shi ba: dattawan da suka yi aiki a kamfanin Steyr lokacin da yake harhaɗa manyan motoci da taraktoci, da 'ya'yansu. Na tabbata ƙaramar gingimarin Steyr da aka yi ta daidai za ta taɓa zuciyar wasu. Sai masu zanen gine-gine da masu gina rukunin gidaje, a nan da Gombe da Jos har Abuja, da kwamitocin masallatai da makarantu masu neman gudummawa, domin jama'a sun fi sakin hannu in sun ga ginin da idonsu ko da ƙarami ne. Baƙin da ke zuwa Yankari da kabarin Tafawa Ɓalewa kuma za su iya sayen 'yar ƙofar gari ko soron fada da zai shiga jaka, amma wannan ciniki ne na lokaci-lokaci, kada a dogara da shi. Ya tsaya a motoci da gine-gine. Siffar mutum ko dabba, ka san yawancin mutanenmu ba za su ajiye ta a ɗaki ba.

Kai kuma naka rabon yana shagonka. Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji ana sa su yin ƙananan samfuran gini. Suna neman kwali mai kauri, wuƙar yanka da rezojinta, rula ta ƙarfe, gam, fale-falen roba mai haske da fentin feshi. Wannan dangin hajarka ne, a Kano ko Legas za ka saro, da naira. Ka ware kanta ɗaya, ƙanenka ya faɗa maka abin da ya dace, samfurinsa ɗaya a bakin shago ya zama talla. Abu guda nake roƙo: ya koya musu yanka da awo ko da za su biya, amma kada ya riƙa yi wa ɗalibi aikin da malami zai ba shi maki a kai. Wannan ha'inci ne, kuma ranar da ya fito sunan shagonka zai shafa.

Mu dawo kan tirelar naira 15,000, wadda ita ta fi damuna a wasiƙarka. Mako biyu, a ce kwana goma sha biyu na aiki. Ko da kayan duk tsintuwa ne, yininsa ya faɗi a naira 1,250. Lebura a wurin gini ba zai yarda da haka ba. Ya koyi yin lissafi kafin ya buɗe baki. Misali kawai nake bayarwa, ku sa farashin da kuka tarar a kasuwa: a ce kayan aiki sun ci 9,000, akwatin gilashi a wajen masu alminiyam 12,000, aikin kwana shida a kan 5,000 kullum 30,000. An tashi 51,000 ke nan tun ba a sa riba ba, ba a sa abin da ya lalace aka sake ba, ba a sa kuɗin shiryawa da na mota ba. Irin wannan aiki in an taya ƙasa da 65,000, ya ce albarka. Wasu za su gudu, su tafi. Wanda ya tsaya shi ne abokin ciniki. Kuma ka lura na ce kwana shida: sai ya yanka ma'aunan sassa ya ajiye, ya riƙa yin tayoyi da yawa a zama ɗaya, in ba haka ba lissafin ba zai fita ba.

Kada ya ɗaga reza sai an ba da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kaya gaba ɗaya, sauran kuma kafin kaya su bar shago. Malamai suna kiran irin wannan ciniki istisna'i, wato a yi odar abin da za a ƙera, a fayyace siffa da girma da farashi tun farko. Ya rubuta komai a WhatsApp, har launi da ranar karɓa. Saƙon shigar kuɗi na bogi ya yi yawa, ya duba asusu da kansa. Aikin 'yan siyasa kuma a biya duka tukuna.

Game da kuɗinka, ga abin da zan yi da ni ne. Kashi ɗaya cikin biyar kawai zan fitar, naira 300,000. Rabi ya tafi kantar kayan ɗalibai, wannan naka ne. Rabi ya zama jarinsa: kayan yanka masu kyau, ƙaramin injin huji, ma'aunin ƙarfe irin wanda makanikai ke auna kauri da shi, takunkumin hanci saboda fentin feshi da gam na cutar da ƙirji, da kayan da zai yi samfura uku na nuni. Na'urar nan da ke fitar da siffa da narkakkiyar roba, zai ambace ta, ka ce ya dakata, ga tsada ga matsalar wuta. Ku yi shi a kan ƙiradi, kuɗi naka, aiki nasa, ku yanke kason riba tun yanzu, ka kuma sani in an faɗi ba da sakacinsa ba, asarar kuɗin taka ce, shi wahalarsa ta tafi. Ku rubuta a takarda gaban wani babba a gida. Na ga 'yan'uwa da yawa da suka daina gaisawa a kan kuɗin da aka bayar da baki, ɗaya na cewa bashi ne, ɗaya na cewa kyauta ce.

Ka ba shi wata shida. In a cikinsu ya samu oda shida daga mutanen da ba danginku ba, suka biya farashin lissafi, sai ku je ku yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya buɗe asusu daban, ka ƙara masa jari, ya ɗauki yaro ɗaya mai goge-goge da yankan taya. In ba a samu ba, kayan aikin suna nan, kantar ɗalibai tana nan, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu suna cikin littattafai da biro suna juyawa. Kafin nan, ka ce masa duk hoton da zai sa daga yau ya ajiye rula a gefen motar, ya rubuta ma'auninta da farashinta da lambar waya a ƙasa.