Warin baki ya raba ni da fada: amsar likitan haƙori

Tambaya: Likita, ni saurayi ne a Tawa. Tun ranar da wani aboki ya kau da kai ina cikin magana, na daina zuwa fada, wato majalisarmu ta hira da shan shayi, a sahun salla ina ƙunshe numfashi, zuwa zance kuma ya gagare ni. Kullum da cingam da kanumfari a bakina. Daga ciki warin yake fitowa ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ka yanke wa kanka hukunci bisa kau da kan mutum ɗaya. Hanci yana sabawa da numfashin mai shi, saboda haka da wuya mutum ya ji warin bakinsa, sai ya koma karanta fuskokin mutane, duk wanda ya sosa hanci ko ya gyara zama ya ɗauka da shi ake. Akwai masu zuwa wurinmu da wannan kuka, a duba a tarar bakinsu lafiya lau. Ka samu wanda ba zai ɓoye maka ba, yayanka ko amininka, ka tambaye shi kai tsaye. Kunyar minti guda ce.

Idan ya tabbatar, to ka bar zargin ciki, domin kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na warin baki a cikin bakin yake samo asali. Ƙwayoyin cuta suna taruwa a can bayan harshe da tsakanin haƙora da gindin dasashi, suna cin ragowar abinci, suna fitar da iska mai sinadarin farar wuta, wadda warinta yake kama da na ruɓaɓɓen ƙwai. Yawu ne yake wanke su, shi ya sa warin yake ƙaruwa da asuba, da lokacin azumi, da kuma a zafin watan Afrilu da Mayu idan ba a shan ruwa sosai. Shirun da ka ɗora wa kanka da zaman fargaba ba sa taimako, domin damuwa ma tana busar da baki. Cingam mai sukari yana rufe wari na ɗan lokaci ne kawai, ya bar wa ƙwayoyin cutar abinci.

Ka riƙa goge haƙora da buroshi da man goge baki sau biyu a rana, minti biyu kowane lokaci, ka kankare bayan harshe a hankali, ka cire abin da ya maƙale tsakanin haƙora. Asuwaki yana da amfani ƙwarai, amma harshe ma yana da haƙƙi. Idan kana shan taba, ka bari, shayin fada kuma ka bi shi da ruwa.

In mako biyu suka wuce ba sauyi, ko dasashinka yana jini, ka ga likitan haƙori ya duba kogon haƙori da dattin da ya daskare. Shi zai tura ka gwajin hanci da maƙogwaro ko ciwon suga idan da buƙata. Amma kada ka jira sai ka warke kafin ka koma cikin abokanka, domin ƙauracewar tana cin ka fiye da warin.